Tashar Jirgin Ƙasa ta Iddo a Legas: Tarihinta da Zirga-zirgar Jiragenta

1.0 Gabatarwa

Shekara da shekaru, duk wanda ya shiga jirgin ƙasa a Kano ya nufi Legas, idan bai sauka a hanya ba, to a Iddo zai sauka. A nan tsohon layin dogo ya ƙare, bayan ya ratsa kilomita 1,126 daga Kano. Daga Iddo babu gaba sai ruwa, sai kuma gadar da ke tsallakar da mutum zuwa tsibirin Legas, garin da Hausawa suka daɗe suna kira Ikko.

Turawan mulkin mallaka ba su gina wannan tasha don sada zumunci tsakanin jama'a ba. Manufarsu ita ce su kwaso amfanin gona da ma'adinai daga cikin ƙasa su kai bakin teku, su kuma shigar da hajar Ingila. Amma manoma da fatake da 'yan ƙwadago sun karɓi jirgin sun yi amfani da shi ta hanyoyin da masu ginin ba su zata ba. Tarihin Iddo tarihi ne na yadda hanyar da aka shimfiɗa domin kaya ta zama hanyar mutane, da yadda ta lalace, da kuma ƙoƙarin da ake yi na sake ɗinke ta.

2.0 Wurin da Tashar Take

Birnin Legas kashi biyu ne. Akwai tsibirai waɗanda ruwa ya kewaye, akwai kuma ɓangaren tudu wanda ya haɗe da sauran ƙasar Yarbawa. Tsohon gari da fadar sarki da manyan kasuwanni da ofisoshin gwamnatin mulkin mallaka duk a tsibirin Legas suke. Shi kuwa Iddo ɗan ƙaramin tsibiri ne a da, yana tsakanin tsibirin Legas da unguwar Ebute Metta ta ɓangaren tudu. Daga baya aka yi ta cike fadamun da ke kewaye da shi, har ya haɗe da tudu. Baƙon da ya je yau da wuya ya gane cewa wurin tsibiri ne a da.

A shekarar 1901 gadoji biyu suka haɗa Iddo da maƙwabtansa. Gadar Denton ta haɗa shi da Ebute Metta, ta nan ne kuma dogo ya shigo. Gadar Carter ta haɗa shi da tsibirin Legas. An sa mata sunan Gilbert Carter, gwamnan Legas daga 1891 zuwa 1897. Babban jirgi bai taɓa tsallaka wannan gada ba. Fasinja kan sauka a Iddo ya ƙarasa cikin gari da ƙafa, ko ya shiga wani ɗan ƙaramin jirgi mai tafiya a kan siririn dogo, wanda aka fara aiki da shi a 1902. Wannan ƙaramin jirgi ya yi kimanin shekara goma yana ɗaukar mutane, sannan aka bar wani reshensa yana kwashe ƙazantar gari har zuwa 1933.

Iddo tashar ƙarshe ce, wato dogo ba ya wucewa ta cikinta zuwa wani wuri kamar yadda yake wucewa ta Zariya ko Minna. Jirgi yakan shigo ya tsaya a inda ƙarfe ya ƙare. Kafin ya koma, sai an cire kan jirgin an zagayo da shi ta wani layi na gefe, an ɗaura shi a ɗaya ɓangaren. Saboda haka tasha irin wannan tana bukatar fili mai yawa na ajiye taragu da wanke su da jera su. Babban wurin gyaran jirage da hedikwatar reluwe kuwa a Ebute Metta aka kafa su, kusa da Iddo. A can ne har yanzu ake iya ganin gidan Jaekel, wani tsohon bene da aka gina a 1898, wanda aka mayar gidan adana kayan tarihin jirgin ƙasa.

3.0 Yadda Dogo Ya Tashi daga Iddo Ya Kai Kano

Ingila ta mallaki Legas a 1861, amma sai bayan da Joseph Chamberlain ya zama sakataren ƙasashen mallaka a 1895 aka amince da gina dogo. An fara aiki a 1896. Ma'aikata sun sha fama da fadamu da kurmi da zazzaɓin cizon sauro. Dogo ya bi ta kusa da Abeokuta ya isa Ibadan, garin da Hausawa ke kira Badun, aka kuma buɗe wannan yanki mai tsawon kimanin kilomita 193 a watan Maris na 1901. Faɗin da aka zaɓa tsakanin ƙarafa biyun shi ne milimita 1,067. Wannan faɗi ya fi sauƙin kuɗi, ya kuma fi sauƙin lanƙwasawa a tsakanin duwatsu, amma ba ya barin jirgi ya yi gudu sosai. Zaɓin da aka yi a wancan lokaci ya bi jirgin ƙasan Nijeriya har fiye da shekara ɗari.

A lokacin Kudu da Arewa gwamnatoci biyu ne daban, kowace kuma da nata ra'ayi. Gwamnatin Legas, musamman a zamanin gwamna Walter Egerton, tana son dogonta ya ci gaba har Arewa, don kayan Arewa su fita ta Legas. Dogon nata ya kai Osogbo a 1907, Ilori a 1908, ya isa bakin kogin Kwara a Jebba a 1909. Gwamnatin Arewa kuwa, tun zamanin Lugard, tana son nata dogon ya tashi daga bakin Kwara, a loda kaya a jiragen ruwa su gangara zuwa teku ba tare da an bi ta Legas ba. Tana da hujja, domin a wancan lokaci yashi ya toshe mashigar tashar ruwan Legas, manyan jiragen teku ba sa iya shiga. Percy Girouard, wanda ya gaji Lugard a 1907, injiniyan jirgin ƙasa ne, shi ya sa aka fara dogo daga Baro zuwa Kano. Yawancin leburorin da suka yi wannan aiki ta hannun sarakuna da hakimai aka tara su, da yawansu kuma ba da son ransu ba. Dogo ya isa Kano a watan Maris na 1911, a zamanin Sarkin Kano Abbas, aka buɗe shi ga jama'a a watan Afrilu na 1912.

Ƙarshe dai Legas ce ta ci riba. An ja dogonta daga Jebba ya bi ta Zungeru ya haɗu da na Baro a Minna, aka kuma haɗe hukumomin biyu suka zama ɗaya a watan Oktoba na 1912, wato tun kafin a haɗe Kudu da Arewa a 1914. Hanyar Baro ba ta da tabbas, domin ruwan Kwara yakan ja baya da rani. A ɗaya ɓangaren kuma an gina shingayen duwatsu a bakin teku a Legas, aka yashe mashigar, manyan jirage suka fara shiga a 1914. Abin da ya rage shi ne kogin Kwara a Jebba. A farkon shekarun, sai a rarraba jirgin a ɗora taragu a kan jirgin fito ya tsallakar da su. Da aka gama gadar Jebba a 1916, jirgi ya samu damar tashi daga Iddo ya isa Kano ba tare da ƙafarsa ta bar ƙarfe ba.

Daga wannan gangar jiki rassa suka yi ta fita. Dogon gabas, wanda ya taso daga Fatakwal ya bi ta Inugu, ya haɗu da na yamma a Kaduna a 1927. Wani reshe ya tashi daga Zariya ya kai Ƙauran Namoda a 1929, wani daga Kano ya kai Nguru a 1930. Na ƙarshe shi ne wanda ya bi ta Bauchi da Gombe ya isa Maiduguri a 1964. Jimillar dogon ƙasar ta kai kilomita 3,505, kuma daga kowane gari da ke kansa ana iya isa Iddo.

4.0 Gyaɗa, Goro da Shanu

Turawa sun sa ran auduga ce za ta cika taragun da ke saukowa daga Kano, domin masaƙun Ingila suna bukatarta. Manoman ƙasar Kano suka yi nasu lissafi. Audugarsu tana da masu saye a gida, wato masaƙa da marina, waɗanda suke biya fiye da Turawa. Gyaɗa kuwa tana da kuɗi a hannun kamfanoni, tana gyara ƙasa, kuma idan shekara ta yi wuya ana iya cin ta. Attajiran Kano, waɗanda suka ƙware a fataucin goro, suka baza yaransu ƙauyuka suna ba da kuɗi da gishiri da tufafi don a noma gyaɗa. A 1913 gyaɗar da Nijeriya ta fitar ta haura tan 19,000, alhali a shekarar da ta gabata ba ta kai tan 3,000 ba. Alhassan Ɗantata yana cikin waɗanda suka shahara a wannan ciniki daga baya.

Dalar gyaɗa da Kano ta yi suna da ita, jirgi ne ya haife ta. Ana sayen gyaɗa cikin 'yan watanni bayan kaka, amma jirgi ba zai iya kwashe ta cikin 'yan watanni ba. Saboda haka ake jera buhuna a tsibe su kusa da dogo suna jiran taragu. Bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da aka yi ƙarancin kawunan jirgi, gyaɗar wata shekara takan tarar da ta bara ba a gama kwashewa ba. Da kaya suka yi wa bakin ruwan Iddo yawa, sai aka gina babbar tashar jiragen ruwa a Apapa, aka gama a 1926, aka kuma ja mata reshen dogo daga Ebute Metta. Tun daga lokacin kayan da za su tsallaka teku suka koma Apapa, Iddo ta zama ta fasinja da kayan cikin gida.

Wannan hanya ba ta tsaya a iyakar Nijeriya ba. Gyaɗar Damagaram da Maraɗi, da fatu da ƙiraga, raƙuma da jakuna da kuma motoci daga baya suka riƙa kai su tashoshin Kano da Nguru da Ƙauran Namoda, daga nan jirgi ya kai su bakin teku a Legas. Abin ya dami gwamnatin Faransa, har a farkon shekarun 1950 ta ƙirƙiro shirin da ake kira Hirondelle, inda take tallafa wa motoci su kai kayan Nijar garin Paraku, jirgin ƙasa kuma ya ƙarasa da su Kwatano. Duk da haka gabashin Nijar ya ci gaba da dogara da Kano, domin ta fi kusa. Haka kuma isowar jirgi Kano tana cikin abubuwan da suka karya fataucin Sahara. Hajar da a da take shafe watanni a bayan raƙumi daga Tarabulus, yanzu ta teku take zuwa Legas, jirgi ya kawo ta cikin 'yan kwanaki.

Idan gyaɗa ce ke sauka, goro ne ke hawa. A da ayarin fatake kan yi watanni tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja, ƙarƙashin madugu, suna biyan fito da kuɗin hanya. Da jirgi ya zo, sai fatake suka koma ɗauko goro ta jirgin ruwa daga gaɓar ƙasar da ake kira Gana a yau zuwa Legas, su loda shi a tarago. Ba da daɗewa ba manoman Yarbawa na Agege da Ota da kewaye suka shiga dasa irin goron da Hausawa ke so, wanda Yarbawa suke kira gbanja, sunan da ya samo asali daga Gwanja. Goro kaya ne mai saurin lalacewa. Sai an naɗe shi da ganye a cikin huhu, ana dubawa ana fitar da mai ƙwari, don haka saurin jirgi ya yi masa rana ƙwarai. Shanu ma haka. Saniyar da aka koro da ƙafa takan rame a hanya, ƙudan tsando kuma ya sa mata cuta idan ta shiga kurmi, amma wadda aka ɗauko a tarago takan iso da namanta.

Wannan ciniki shi ya kafa ko ya bunƙasa unguwannin Hausawa a gefen dogo, kamar Zangon Agege da Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916. A can akwai masu masauki da dillalai da malamai da mahauta. A ɗaya ƙarshen kuma, akawuna da ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwa daga Kudu suka cika Sabon Garin Kano da na Zariya. Kewayen tashar Iddo kanta ya zama kasuwar wake da hatsi da sauran kayan abinci na Arewa.

5.0 Jiragen Fasinja da Yadda Suke Aiki

A zamanin da reluwe ke tashe, jiragen fasinja da ke tashi daga Iddo iri uku ne. Na farko su ne masu dogon zango, waɗanda ba sa tsayawa sai a manyan tashoshi: Abeokuta, Ibadan, Osogbo, Offa, Ilori, Jebba, Zungeru, Minna, Kaduna, Zariya, sannan Kano. Mai zuwa Jos ko Fatakwal ko Maiduguri, a Kaduna hanyarsa take rabuwa ta nufi Kafanchan. A zamanin Turawa akwai jirgi na musamman da ake daidaita tashinsa da isowar jirgin ruwan wasiƙu daga Ingila, don ma'aikatan gwamnati da jakunkunan gidan waya su wuce Arewa kai tsaye. Na biyu su ne masu tsayawa a kowace ƙaramar tasha, waɗanda 'yan kasuwar ƙauye suka fi shiga. Na uku su ne na kewayen birni, masu kawo ma'aikata da safe su mayar da su da yamma.

Taragun fasinja ma hawa-hawa ne. Akwai faskila mai ɗakunan kwana da wurin cin abinci, akwai sikinkila, akwai kuma na gama-gari mai bencin katako, inda mutane da kwanduna da kaji suke cakuɗe. Yawancin matafiya a wannan na ƙarshe suke. Kowace tasha kasuwa ce. Da jirgi ya tsaya, masu talla za su yi caa a tagogi, abin da ake sayarwa kuma yana sauyawa da sauyin ƙasa, daga ayaba da lemo a Kudu, zuwa kifi a Jebba, zuwa rake da fura a Arewa.

Akwai abu guda da ke bayyana yawan jinkirin da aka san jirgin da shi. Kusan duk hanyar layi ɗaya ce, mai hawa da mai sauka a kanta suke bi. Jirage biyu ba sa iya wuce juna sai a tasha, inda aka yi layi na biyu. Don kauce wa karo, ba a barin direba ya shiga tsakanin tashoshi biyu sai an miƙa masa wata alama ta ƙarfe, wadda ke nuna cewa shi kaɗai ne a wannan yanki. Idan ya isa tasha ta gaba sai ya miƙa ta a ba shi wata. Tsarin yana kare rayuka, amma idan jirgi ɗaya ya lalace ko ya makara, duk waɗanda ke gabansa da bayansa sai sun jira. Da farko da gawayin Inugu jiragen suke aiki, suna tsayawa shan ruwa a hanya. Daga tsakiyar shekarun 1950 aka fara kawo masu aiki da man dizal.

6.0 Ma'aikatan Reluwe

Reluwe tana cikin wuraren da suka fi ɗaukar ma'aikata a Nijeriya ta zamanin Turawa, kuma a wurin gyaran jirage na Ebute Metta ƙungiyar ƙwadago ta fara yin ƙarfi. Shugabanta Michael Imoudu ya jagoranci dubban ma'aikata a 1941 suka yi tattaki zuwa gidan gwamna a tsibirin Legas suna neman a gyara sharuɗɗan aiki. An tsare shi a 1943, aka sake shi a 1945. A ranar 22 ga Yuni na wannan shekara ma'aikatan gwamnati suka shiga yajin aiki na gama-gari kan tsadar rayuwa, ma'aikatan jirgi ne kuma a gaba. Yajin ya yi kwana 44. Da jirage suka tsaya cik a Iddo da sauran tashoshi, kaya suka daina isa bakin teku, gwamnati ta ga cewa hanyar da ta gina don ƙarfafa mulkinta tana hannun waɗanda suke tuƙa ta. Kwamitin binciken da aka kafa ya amince da ƙarin kuɗin tsadar rayuwa a 1946. A 1955 aka mayar da reluwe hukuma mai zaman kanta, wato Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya.

7.0 Koma-baya

A 1964 jiragen hukumar sun ɗauki fasinja sama da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. Bayan shekara goma, fasinja sun koma ƙasa da miliyan 5, kaya kuma sun ragu da fiye da rabi. Dalilan suna da yawa, kuma sun taru ne a lokaci guda. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya lalata dogon gabas. Farin farkon shekarun 1970 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka kawar da babban kayan da jirgi ke samun kuɗi da shi. Kuɗin man fetur ya tafi ga tituna da gadoji, kamar babban titin Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a 1978. Tirela tana ɗaukar kaya daga ƙofar sito ta sauke a ƙofar kanti, jirgi kuwa yana nan a kan tsohon ƙarfe mai yawan kwana, da tsofaffin kawuna marasa kayan gyara.

An yi ta ƙoƙarin ceto hukumar. An kawo ƙwararru daga Indiya suka riƙe ta daga 1979 zuwa 1982. An naɗa Samuel Ogbemudia ya shugabance ta a 1989. An ba wani kamfanin ƙasar Sin kwangilar gyara a 1995. Kowane yunƙuri yakan kawo sauƙi na ɗan lokaci, sannan a koma gidan jiya, domin ana sayen sababbin kaya amma ba a ware kuɗin kula da su. 'Yan fansho suka yi ta bin bashin haƙƙinsu. A ƙarshe jirgin fasinja na Legas zuwa Kano ya daina tafiya na kusan shekara goma.

Abin da ya hana Iddo mutuwa a waɗannan shekaru shi ne jiragen kewayen birni. Suna tashi daga Iddo su bi ta Ebute Metta, Yaba, Mushin, Oshodi, Ikeja da Agege, su kai Agbado da Ijoko a jihar Ogun. Ga talakan da ke zaune a bayan gari yana aiki a tsibiri, babu abin hawa mai arha kamarsu, kuma cunkoson motoci ba ya tare su. Saboda haka a shekarun 2000 da 2010 sukan cika maƙil, har matasa su hau rufi ko su maƙale a ƙofa duk da hanin hukuma. A wurare irin su Oshodi, kafin a tashi kasuwar a 2009, 'yan tireda a kan dogo suke baza kaya, su kwashe idan sun ji ƙahon jirgi, su mayar bayan ya wuce.

8.0 Farfaɗowa da Sabuwar Tasha

An gyara tsohon layin kashi biyu, Legas zuwa Jebba kilomita 488, Jebba zuwa Kano kilomita 638. A watan Disamba na 2012 jirgin fasinja ya sake tashi daga Iddo zuwa Kano. Sau ɗaya yake tafiya a mako, yana shafe awa talatin ko fiye, amma tikiti mafi arha bai kai naira 2,000 ba, wato ƙasa da kuɗin mota nesa ba kusa ba. Jama'a suka yi ta rububinsa. An kuma sa jiragen Ilori, gwamnatin jihar Osun ma, a zamanin gwamna Rauf Aregbesola, ta riƙa ɗaukar hayar jirgi ya kai mutanenta gida kyauta daga Legas lokacin Salla da Kirsimeti. Sai dai tafiyar Kano ba ta ɗore ba yankewa ba. Ambaliya da lalacewar hanya sun sha tsayar da ita, a 2022 kuma hukumar ta dakatar da ita saboda matsalar tsaro.

Babban sauyi ya zo ne da sabon dogo mai faɗin milimita 1,435. An fara gina na Legas zuwa Ibadan a 2017, aka ƙaddamar da shi ranar 10 ga Yuni 2021. Tsawonsa kilomita 157 ne, layi biyu ne, jirgi kuma yana cinye shi cikin kimanin awa biyu da rabi. Wannan dogo bai shiga Iddo ba. An gina masa sabuwar babbar tasha a Ebute Metta mai sunan Mobolaji Johnson, gwamnan farko na jihar Legas, aka kuma ja shi zuwa Apapa domin kaya. A 2024 gwamnatin jihar Legas ta buɗe nata jirgin birni, wanda ake kira Jan Layi, daga Agbado zuwa Oyingbo, yana bin hanyar da tsofaffin jiragen Iddo suka saba bi. Ta haka matsayin babbar ƙofar Legas ya tashi daga Iddo ya koma maƙwabciyarta.

Jirgin sabon dogo ba ya hawa tsohon, na tsohon ma ba ya hawa sabon. Sabon kuma gutsi-gutsi aka gina shi. An buɗe na Abuja zuwa Kaduna a 2016, aka fara aikin na Kaduna zuwa Kano a 2021, a shekarar kuma aka aza harsashin na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Sai an cike giɓin da ke tsakanin Ibadan da Abuja kafin sabon dogo ya yi abin da tsohon ya yi tun 1916, wato ya ɗauki mutum ko buhu daga ƙasar Hausa ya sauke shi a bakin teku a tarago ɗaya.

9.0 Kalmomin da Jirgi Ya Kawo

Jirgin ƙasa ya bar sawunsa a harshen Hausa. Kalmar jirgi tsohuwa ce, asalinta abin da ake shiga a tsallake ruwa. Da sabon abin hawa ya zo sai aka faɗaɗa ma'anarta, aka samu jirgin ƙasa, daga baya kuma jirgin sama. Dogo ma kalmar gida ce, siffa ce da ta zama sunan ƙarfen da jirgi ke bi. Wasu kuwa aro ne daga Ingilishi, an gyara su sun dace da tsarin sautin Hausa: tasha, reluwe, tarago, tikiti, fasinja, lebura, faskila. Sun kuma ɗauki jam'i irin na Hausa, kamar tashoshi da fasinjoji da leburori. Tasha ta fi sauran yaɗuwa, domin yanzu ana cewa tashar mota, tashar jirgin ruwa, tashar rediyo. Idan kuwa aka ce an bar wani a tasha, ana nufin al'amari ya wuce shi bai ankara ba.

10.0 Kammalawa

An gina Iddo don fitar da auduga, sai gyaɗa ta cika ta. An gina ta don kaya, sai ta haifar da zangunan Hausawa a Kudu da sababbin garuruwa a Arewa. Da jirginta ya tsaya, cinikin bai tsaya ba, ya koma kan titi ne. Shanu da albasa da tumatir da wake suna sauka Legas a bayan tirela, tare da tsadar mai da haɗarin hanya da asarar kayan da ke ruɓewa kafin su isa, kuma mai saye da manomi su ke biyan wannan. Rububin da aka yi wa jirgin Kano a 2012, duk da jinkirinsa, ya nuna cewa bukatar tana nan. Ko a Iddo sabon jirgin zai tsaya ko a Ebute Metta, ba shi ne abin da ya dami ɗan kasuwar Kano ko na Maraɗi ba. Abin da ya dame shi shi ne ya loda kaya ya san ranar da za su isa.

Tambayoyin Nazari

1. Mene ne bambancin tashar ƙarshe da tashar da dogo ke wucewa ta cikinta?
2. Me ya sa hanyar Legas ta rinjayi ta Baro?
3. A bayyana dangantakar dalar gyaɗa da jirgin ƙasa.
4. A kawo dalilai uku na koma-bayan reluwe bayan 1964.
5. A fitar da kalmomin aro guda biyar daga cikin wannan bayani, a kuma ba da jam'in kowace.